Ƙaryar ƙarfe 3:15: yadda 'yan sanda suka rubuta labarin Hillsborough da hannun 'yan jarida

1/ Wani ƙanena ya tambaye ni jiya, wai me ya sa mutanen Liverpool ba sa sayen jaridar The Sun, har kulob ɗin ya hana wakilanta shiga Anfield? Na ce masa amsar ta fi ƙarfin layi biyu. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo. Labarin 'yan sanda ne da 'yan jarida, ƙwallon a gefe take.

2/ Bari na fara da tona wa kaina asiri. Daren 28 ga Mayu 2022 ina gidan kallo, wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Paris, Liverpool da Real Madrid. Lokaci ya yi ba a take ba. Sai aka rubuta a allon filin cewa an jinkirta ne saboda 'yan kallo sun makara. Ni da bakina na ce wa na kusa da ni, “Ka ji su ko, halinsu ne.” Ban ga komai ba fa. Abin da hukuma ta rubuta kawai na karanta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

3/ Yanzu mu koma baya. Asabar 15 ga Afrilu 1989, birnin Sheffield a Ingila. Wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA, Liverpool da Nottingham Forest, a filin Hillsborough. Wanda aka damƙa wa tsaron ranar babban jami'i ne mai suna David Duckenfield, na rundunar South Yorkshire. Sati uku kacal da ba shi kujerar, kuma bai taɓa jagorantar tsaron wasa mai girman wannan a filin ba.

4/ Magoya bayan Liverpool an ba su ɓangaren Leppings Lane. Masu tikitin tsayuwa mutum 10,100 ne, ƙofofin da aka ware musu guda 7, irin masu juyawar nan da ke ɗaukar mutum ɗaya-ɗaya. Kai ma yi lissafi. Kafin ƙarfe 3 waje ya cika maƙil, ana matse mutane a jikin bango.

5/ Ƙarfe 2:52 Duckenfield ya ba da umarni a buɗe wata babbar ƙofar fita, wadda ake kira ƙofar C, don a rage cunkoson waje. Mutum kusan 2,000 suka shiga. Abin da ke gabansu kai tsaye wani dogon lungu ne mai gangara, wanda ke kaiwa shinge na 3 da na 4 a bayan raga. Waɗannan shingayen sun riga sun cika. Babu wanda aka sa ya tare bakin lungun.

6/ A lokacin wurin tsayuwar 'yan kallo kewaye yake da ƙarfe, gaba da gefe. Turawan da kansu sunan garken dabbobi suke kiransa. Na gaba ba hanyar fita, na baya bai san me ke faruwa ba. A tsaye mutane suka riƙa mutuwa, numfashi ya gagara. Ƙarfe 3:06 aka tsayar da wasa.

7/ Mutum 94 suka rasu a ranar. Wani yaro ya cika bayan 'yan kwanaki, wani a 1993, na ƙarshe a 2021. Jimilla 97. Ƙaraminsu shekararsa 10, Jon-Paul Gilhooley, ɗan'uwan Steven Gerrard ne. Akwai wani magidanci, Trevor Hicks, da ya je kallo da 'ya'yansa mata biyu, mai 19 da mai 15, ya koma gida babu ko ɗaya.

8/ To ga inda zancenmu yake. Wajen ƙarfe 3:15, ana kan ɗaukar mutane a kan allunan talla saboda babu gadajen ɗaukar marasa lafiya, shugaban gudanarwar hukumar FA, Graham Kelly, ya hau ɗakin da 'yan sanda ke lura da fili ya tambayi me ya faru. Duckenfield ya ce masa 'yan Liverpool ne suka ɓalle ƙofa suka kutso.

9/ Ƙofar da shi da kansa ya ce a buɗe, ko rabin awa ba a yi ba.

10/ Kelly ba shi da dalilin zargin babban ɗan sanda da ƙarya. Maganar ta fita, ta shiga rediyo da talabijin, kafin dare ta zaga duniya. Shugaban UEFA na lokacin, Jacques Georges, har dabbobi ya kira 'yan kallon, daga baya ya nemi afuwa. Ku lura, ba a kira taron manema labarai ba, ba a buga sanarwa ba. Jimla ɗaya ce daga bakin mai kaki, a daidai lokacin da kowa ke neman abin da zai faɗa.

11/ Da daren ranar aka mayar da ɗakin motsa jiki na filin wurin ajiye gawa. Iyaye suka zo daga Liverpool, aka nuna musu hotunan fuskokin mamata su zaɓi nasu. Suna gama gane gawa sai tambayoyi: ya sha giya? Kun tsaya a mashaya a hanya? Aka ɗebi jinin mamatan aka auna barasa, har da na yara. Daga baya ta bayyana an bincika sunayen wasunsu a kwamfutar 'yan sanda, ko za a samu tarihin laifi.

12/ Wato tun gawa ba ta yi sanyi ba an riga an zaɓi labarin da za a bayar: mashaya ne, ba su da tikiti, sun makara. Shaida ake nema da za ta dace da shi.

13/ Yanzu ku biyo ni a hankali, nan ne darasin aikin jarida yake. A Sheffield akwai wani ƙaramin kamfanin dillancin labarai, White's, mai sayar wa manyan jaridun Landan labaran yankin. Cikin kwanakin da suka biyo baya ya aika musu rahoto ɗauke da zarge-zarge masu muni a kan 'yan kallo. Su wa suka faɗa masa? Manyan jami'an 'yan sanda huɗu da ba a ambaci sunansu ba. Sai Paul Middup, sakataren ƙungiyar ƙananan 'yan sandan yankin. Sai ɗan majalisa Irvine Patnick.

14/ Edita yana zaune a Landan ya ga majiya har shida, ciki da ɗan majalisa. Ai labari ya tabbata ko? To amma shi ɗan majalisar daga bakin 'yan sanda ya ji. Sakataren ƙungiya ma na 'yan sanda ne. Guga shida, rijiya ɗaya. Kuma rijiyar ita ce wadda ake tuhuma.

15/ Abin da ya fi ɗaure min kai, takardun wani zama da ƙungiyar 'yan sandan ta yi a makon sun fito bayan shekara 23. A ciki an rubuta cewa shugaban rundunar, Peter Wright, ya nuna maganar ba za ta fito daga bakinsa ba, amma ya sakar wa sakataren ƙungiya mara ya faɗa. Kun ga dabara? Ofis ya yi shiru da sunan ana bincike, ta ƙofar baya kuma ana ciyar da jaridu. In ta yi kyau riba, in ta ɓaci ba mu muka ce ba.

16/ Laraba 19 ga Afrilu, kwana huɗu da abin, ana shirin jana'iza. The Sun, mai sayar da kwafi kimanin miliyan 4 a kullum, ta fito da kanu da manyan baƙaƙe a shafin farko, ma'anarsa “GASKIYA”. A ƙasa layi uku: wai wasu 'yan kallo sun yashe aljihun mamata, wasu sun yi wa 'yan sanda fitsari, wasu sun doki ɗan sanda yana hura wa wani numfashi don ceto ransa.

17/ Wakilin da ya haɗa labarin, Harry Arnold, ya faɗa daga baya cewa shi a matsayin zargi ya rubuta, kuma ya ja hankalin editansa Kelvin MacKenzie da ya ga kanun. Editan bai saurare shi ba. A yi adalci, ba The Sun kaɗai ta buga zarge-zargen ba, wasu jaridun ma sun ɗauka. Bambancin, su sun ce “an ce”. Ita ta cire “an ce” ta sa “gaskiya”.

18/ Amma ni fa ban wanke masu “an ce” ɗin ba. Mai karatu a cikin bas ba ya auna wannan. Fitsari a kan ɗan sanda ya gani, shi zai tafi da shi gida.

19/ A Liverpool aka riƙa ƙona jaridar a titi. Masu shaguna suka daina karɓarta. Shekara fiye da 30 ke nan, har gobe akwai shagunan da ba za ka same ta ba. A 2017 Liverpool ta hana wakilanta shiga filinta, Everton ma ta bi sahu. Amsar tambayar ƙanena ke nan, amma labarin bai ƙare ba.

20/ Me ya sa ƙaryar ta samu shiga haka? Saboda ta tarar da gurbi. Shekara huɗu kafin nan, 1985, an yi abin Heysel a Beljiyam, mutum 39 suka mutu, yawancinsu magoya bayan Juventus, kuma a can da hannun wasu 'yan Liverpool. Aka kori kulob-kulob ɗin Ingila daga gasannin Turai. Ga shi ana yi wa birnin kallon garin marasa aikin yi da 'yan rigima. Wanda aka riga aka sa wa suna, shafa masa kashin kaji ba wuya.

21/ Kuma rundunar ba sabon shiga ba ce. A 1984, lokacin yajin aikin masu haƙar kwal, ita ce ta yi arangama da ma'aikata a Orgreave, ƙarƙashin Peter Wright ɗin nan. Aka gurfanar da mutum 95, shari'ar ta wargaje a 1985 saboda shaidar 'yan sanda ta kasa tsayuwa. Babu jami'in da aka hukunta. Wanda ya yi ta farko ya sha, me zai hana shi ta biyu?

22/ Gwamnati ta naɗa Mai shari'a Taylor ya yi bincike. Nan aka yi aikin da ya fi na jaridar muni, don shi a ɓoye aka yi. Aka ce wa ƙananan 'yan sandan da suka yi aiki ranar kowa ya rubuta abin da ya gani a farar takarda. Sai a tattara, a bi ta hannun manya da lauyoyin runduna, a gyara. Bayanai 164 aka yi wa gyara mai yawa. A 116 daga ciki, abin da aka goge shi ne duk inda ƙaramin ɗan sanda ya soki yadda manyansa suka tafiyar da ranar.

23/ Duk da haka Taylor bai ruɗu ba, wannan a yaba masa. A rahotonsa na Agusta 1989 ya ce babban musabbabi gazawar 'yan sanda ce wajen sarrafa taro. Ya ce rashin tare lungun nan kuskure ne mafi girma. Ya yi tir da ƙaryar ƙofa. Zancen sata da fitsari kuwa, bai samu shaidar da ta tabbatar da shi ba.

24/ Sai ka ce shi ke nan ko? Wata huɗu kacal gaskiya ta fito. Ina! Rahoton alƙali mutum nawa ke karantawa? Kanun jarida kuwa kowa ya gani. Muna cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan dai ta yi 'ya'ya, har da jikoki. Shekaru ana yi wa 'yan Liverpool waƙar gori a filaye cewa su suka kashe 'yan'uwansu.

25/ 1990 aka ce babu wanda za a gurfanar. 1991 kotun binciken musabbabin mutuwa ta ce haɗari ne kawai. Alƙalinta ya kafa ƙa'ida cewa ba zai saurari abin da ya faru bayan ƙarfe 3:15 ba, wai zuwa lokacin duk wanda zai mutu ya riga ya wuce ceto. Da wannan aka rufe maganar jinkirin agaji. Duckenfield ya yi ritaya a kan dalilin rashin lafiya, da fanshonsa.

26/ Akwai wata uwa, Anne Williams. Ɗanta Kevin shekararsa 15. Ta bi diddigi da kanta har ta gano wata 'yar sandar sa-kai da ta ce a hannunta yaron ya cika wajen ƙarfe 4, har ya buɗe baki ya kira mamarsa. Matar ta ce an matsa mata ta sauya bayaninta. Anne ba lauya ba ce, ba 'yar jarida ba. Sama da shekara 20 tana buga ƙofofin kotu ana mayar da ita.

27/ Kada na yi wa aikin jarida kuɗin goro. Waɗanda suka tono gaskiyar ma da alƙalami da kyamara suka yi. Fim ɗin Jimmy McGovern na 1996 ya girgiza ƙasar. Farfesa Phil Scraton ya bankaɗo zancen gyaran bayanai, kuma wani tsohon ɗan sanda ne da abin ya hana shi barci ya nuna masa nasa bayanin, kafin gyara da bayan gyara. David Conn na Guardian ya shafe shekaru a kai. Bambancinsu da na farko, sun je sun tambayi waɗanda aka zarga.

28/ 2009, taron cika shekara 20 a Anfield. Minista Andy Burnham ya tashi jawabi, dubban mutane suka katse shi da kiran a yi adalci. Ya tsaya ya yi shiru yana sauraro. Daga nan aka kafa kwamiti mai zaman kansa ƙarƙashin Bishop James Jones, aka buɗe takardu shafi kusan 450,000.

29/ 12 ga Satumba 2012 rahoton ya fito. Duk abin da na faɗa muku na White's, da zaman ƙungiya, da bayanai 164, daga nan aka gan su baƙi da fari. Da wani abu mai ciwo: mutum 41 cikin mamatan akwai yiwuwar a cece su da agaji ya zo yadda ya kamata. Firaminista David Cameron ya nemi afuwa a majalisa, ya ce zalunci biyu aka yi musu, na mutuwar da na ɓata suna. Washegari The Sun ta ba da haƙuri a shafin farko. MacKenzie ma ya bayar. Ihu bayan hari.

30/ Aka soke hukuncin 1991, aka sake zama a Warrington, shekara biyu cur ana sauraron shaidu. A Maris 2015 Duckenfield ya tsaya gaban iyalan ya amsa cewa ƙarya ya yi a kan ƙofar. Ranar 26 ga Afrilu 2016 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma 'yan kallo ba su da hannu ko kaɗan. Shekara 27 tsakanin jimlar 3:15 da wannan rana.

31/ Anne Williams ba ta gani ba. Ciwon daji ya ɗauke ta a Afrilu 2013, kwana uku bayan ta halarci taron tunawa a keken marasa lafiya.

32/ Washegarin hukuncin kusan duk jaridun ƙasar da shi suka buɗe. The Sun ba ta sa shi a shafin farko ba.

33/ Za ku ce to wa aka ɗaure? Babu. A 2019 kotu ta wanke Duckenfield daga tuhumar kisa ta hanyar sakaci. A 2021 shari'ar tsofaffin jami'ai biyu da lauya ɗaya kan gyaran bayanai ta rushe, alƙali ya ce binciken Taylor ba kotu ba ne, don haka ba za a ce sun karkatar da shari'a ba. Mutum ɗaya tal aka samu da laifi, sakataren kulob ɗin da ke da filin, kan zancen ƙofofi. Tarar fam 6,500.

34/ Na taɓa aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyo, shi ya sa labarin nan ba ya barina. Na san yadda abin yake. Saura minti 20 labarai, sanarwar kakakin 'yan sanda ta shigo waya, ga sunaye ga adadi ga hoto. Wa za ka kira? Wanda ake zargi yana tsare. In ka cika tambaya, gobe ba a ɗaga wayarka, abokin aikinka na wata tasha ya riga ka. Sai ka fassara ka karanta. Na karanta sunayen mutane a matsayin ɓarayi ban taɓa bin yadda shari'arsu ta ƙare ba. Ko ɗaya.

35/ Mu ma muna da namu. Yuni 2005 a Abuja, matasa shida 'yan kasuwar Apo, maza biyar da mace ɗaya, 'yan sanda suka kashe su aka ce 'yan fashi ne. Sai da 'yan'uwansu suka tayar da ƙura aka kafa kwamitin Mai shari'a Olasumbo Goodluck, ya gano ba haka ba ne. A 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. Labarin farko a nan ma daga wanda ya harba ya fito.

36/ Ba cewa nake ɗan jarida ya ɗauki ɗan sanda abokin gaba ba. Yaro ya ɓata, an rufe hanya, ana neman mai laifi, dole sai da juna. Yawancin ranaku abin da kakaki ya faɗa haka yake. Ranar da nake magana a kai ita ce ranar da rundunar kanta ke cikin labarin. A ranar kakaki ɓangare ɗaya ne na rigima, ko da kakinsa da tambarinsa.

37/ Ingila ta gwada gyara bayan badaƙalar satar sauraron waya ta 2011, wadda ta ci kujerar shugaban 'yan sandan Landan, Paul Stephenson. Binciken Leveson ya duba cuɗanyar jami'ai da editoci, aka tsaurara ƙa'ida, jami'i ya riƙa rubuta duk hulɗarsa da ɗan jarida. Sai wata matsalar ta ɓullo: 'yan jarida suka koma kukan cewa ƙananan jami'ai sun tsorata, komai sai ta ofishin kakaki. Ku tuna, ƙaramin ɗan sanda ne da ya yi magana ba da izini ba ya taimaka aka tona Hillsborough.

38/ Mu koma Paris, inda na bar ku. Bayan allon “sun makara”, ministan cikin gidan Faransa Gérald Darmanin ya fito ya ce mutum 30,000 zuwa 40,000 ne suka zo babu tikiti ko da na jabu. Makara, rashin tikiti. Kalmomin 1989 sak, giya ce kawai ba a ambata sosai ba.

39/ Sai dai wannan karon kowa da waya a hannu. 'Yan jaridar Ingila da dama suna cikin cunkoson da kansu, hayaƙi mai sa hawaye ya same su tare da yara da tsofaffi. Bidiyo ya nuna mutane a layi da tikitinsu tun awanni kafin wasa, ƙofofi a rufe. Cikin wata biyu majalisar dattawan Faransa ta ce ɗora wa 'yan Liverpool laifi rashin adalci ne. Fabrairu 2023 kwamitin da UEFA ta kafa da kanta ya ce babban alhakin na UEFA ne.

40/ Hotunan kyamarorin tsaro na filin kuwa, da aka zo nema sai aka ce sun goge da kansu bayan kwana bakwai, don babu wanda ya nemi a ajiye su a kan lokaci.

41/ Wanda na ce wa “halinsu ne” a gidan kallo ɗan Madrid ne, ya yi dariya ya ce wallahi kuwa. Ban sake haɗuwa da shi ba balle na janye. Nan zan tsaya, dare ya yi. Sai da safenku.